Mayya a Kan Kati: Nazarin Katunan Gaisuwa na Aikin Hannu a Bikin Halowin

Tsakure

Wannan nazari ya dubi katin gaisuwa na aikin hannu da ake haɗawa a Amurka da Birtaniya albarkacin bikin Halowin, musamman wanda ke ɗauke da hoton mayya da kayan kaka. An bi asalin bikin da tarihin katin, aka duba yadda siffar mayya ta baro takardun shari'a ta koma kayan ado, sannan aka fayyace yadda ake haɗa katin da abin da ke ba shi daraja. Nazarin ya gano cewa mayya ba ta hau kati ba sai bayan da doka ta daina kashe waɗanda ake zargi da maita. Saboda haka katin shaida ne na tsoron da al'umma ta riga ta shawo kansa, kuma ma'anarsa tana sauyawa da zarar ya shiga inda zargin maita yake cin rayuka har yau.

1.0 Gabatarwa

Da zarar watan Satumba ya kama a Amurka, kantunan kayan sana'ar hannu sukan cika da takardu masu launin baƙi da ruwan lemo, da hatiman roba masu hoton kabewa da jemage da baƙar kyanwa. Masu sha'awar haɗa kati, waɗanda mafi yawansu mata ne, sukan sayi waɗannan kaya su zauna a gida su yanka, su manna, su shafa tawada, domin su aika wa 'yan'uwa da abokai kafin 31 ga Oktoba. Hoton da ya fi yawa a kan irin waɗannan katuna shi ne na mace mai doguwar malfa mai tsini, ta hau tsintsiya tana ratsa fuskar wata.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga katin gaisuwa, domin ya san katin barka da Sallah da na fatan nasara a jarrabawa. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne a ce an zana mayya a aika wa masoyi da sunan gaisuwa. Wannan ɗaurewar kai ita ce tambayar da nazarin yake son amsawa: ta yaya abin da aka rataye mutane aka ƙone su a kansa ya zama abin da uwa ke yanka da almakashi ta aika wa jikanta? Manufar nazarin fahimta ce. Musulmi da yawa da wasu ɗarikun Kirista ba sa yin wannan biki saboda dalilai na aƙida, amma sanin yadda wata al'umma ta sarrafa tsoronta ilimi ne mai amfani ga kowa.

2.0 Bikin da Lokacinsa

Halowin shi ne daren jajiberin Ranar Dukkan Waliyyai ta Kiristocin Yamma, wadda take faɗowa ranar 1 ga Nuwamba. A ƙarni na 8 Fafaroma Gregory na Uku ya keɓe wani ɗakin ibada a majami'ar Saint Peter da ke Rum domin tunawa da dukkan waliyyai, kuma zuwa ƙarni na 9 ranar ta bazu a daular Faransawa. A Ayalan kuwa, wannan lokaci ya dace da tsohon bikin Samhain, wanda yake nuna ƙarshen kaka da shigowar hunturu. Masana tarihi sun yi saɓani kan gwargwadon abin da bikin yau ya gada daga wancan. Ronald Hutton, alal misali, ya nuna cewa abin da aka rubuta game da ibadun Samhain kafin zuwan Kiristanci ɗan kaɗan ne, kuma yawancin al'adun da ake dangantawa da shi an tattara su ne a ƙarnonin baya-bayan nan.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne hanyar da bikin ya bi ya isa Amurka. Mutanen Ayalan da na Sikotilan ne suka tafi da shi, musamman bayan yunwar da ta auka wa Ayalan daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya daga ƙasar. A gida sukan fafe wata saiwa mai tauri da ake kira tanif su sassaƙa mata fuska su sa kyandir a ciki. Da suka tarar da kabewa a Amurka, wadda ta fi girma ta kuma fi sauƙin fafewa, sai ta maye gurbin saiwar.

Launukan katin ma daga lokacin suka fito. A arewa maso gabashin Amurka, idan rana ta gajarta sanyi ya fara sauka, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore yakan lalace, sai launin rawaya da ruwan lemo da ke ɓoye a ganyen su bayyana, wasu itatuwa kuma su ƙera jan launi sabo kafin ganyen ya zube. Ga kabewa ta nuna a gona, ga dare yana ƙara tsawo. Ruwan lemo na amfanin gona ne da wuta, baƙi kuma na dare ne da mutuwar shekarar noma. Kamfanin Dennison na garin Framingham a jihar Massachusetts, wanda ya fara fitar da ɗan littafin shirya liyafar Halowin mai suna Bogie Book a 1909, ya taimaka ƙwarai wajen kafa waɗannan launuka biyu a idon jama'a ta hanyar takardun ado da yake sayarwa.

3.0 Yadda Gaisuwa ta Hau Kati

Katin gaisuwa ɗan gidan waya ne. A 1840 Birtaniya ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kobo ɗaya na Ingila, ta kuma fito da kan sarki na farko a duniya. Shekara 3 bayan haka, a 1843, Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga kusan 1,000. A Amurka, Esther Howland ta garin Worcester ta fara haɗa katunan masoya a ƙarshen shekarun 1840, inda ta tara mata a gidan mahaifinta, wannan tana yanka, waccan tana manna leshin takarda. Tun daga farko ke nan, sana'ar kati ta haɗa hannu da tsarin masana'anta, kuma mata ne a tsakiyarta. A 1875 Louis Prang na Boston ya fara sayar da katunan Kirsimeti masu launuka da yawa a kasuwar Amurka.

Halowin bai samu nasa katin sosai ba sai da zamanin buɗaɗɗen kati ya zo, wato katin da ake aikawa ba tare da ambulan ba. Abubuwa uku suka haɗu. Na farko, dokar 1898 ta ba 'yan kasuwa izinin buga irin wannan kati a aika shi a kan santi ɗaya. Na biyu, gidan waya ya fara kai wasiƙu har ƙofar gidajen karkara kyauta daga 1896, aka tabbatar da tsarin a 1902. Na uku, daga 1907 aka yarda a raba bayan katin gida biyu, gefe ɗaya adireshi, gefe ɗaya saƙo, sai fuskar katin ta zama ta hoto kaɗai. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Yunin 1908, gidan wayar Amurka ya ƙirga sama da kati miliyan 677 da aka aika, alhali jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 90 ba. Masanin tarihi Daniel Gifford, wanda ya nazarci katunan bukukuwa na 1905 zuwa 1915, ya nuna cewa mata da mutanen karkara da ƙananan garuruwa ne suka fi musayar su.

Yawancin kyawawan katunan a Jamus ake buga su, domin Jamusawa sun fi kowa ƙwarewa a ɗab'i mai launi a lokacin. Ellen Clapsaddle ta shahara da zanen yara masu kumatu suna rungume da kabewa. Samuel Schmucker, wanda mawallafi John Winsch ya buga ayyukansa, ya zana mayu a siffar kyawawan 'yammata masu ado. Kamfanin Raphael Tuck na Landan shi ma ya buga nasa domin kasuwar Amurka. Harajin shigo da kaya na 1909 ya tsadar da katunan Jamus, Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a 1914 kuma ya yanke hanyar. Daga nan kati mai ninki a cikin ambulan ya karɓi kasuwa, a hannun kamfanoni irin wanda Joyce Hall ya kafa a Kansas City a 1910, wanda daga baya ya zama Hallmark.

Duk wanda ya duba katunan wancan zamani da kyau zai ga cewa maganar aure ta fi maganar tsoro yawa a cikinsu. Akwai wani salo da ya yawaita: budurwa ce tsaye gaban madubi da tsakar dare, riƙe da kyandir, fuskar wani saurayi ta bayyana a bayan kafaɗarta, a bango kuma ga inuwar mayya da tsintsiyarta. Wannan camfi ne na Sikotilan da Ayalan, cewa a wannan dare budurwa tana iya ganin mijin da za ta aura. Mawaƙi Robert Burns ya tattara irin waɗannan camfe-camfe a waƙarsa ta 1785 game da daren. A kan katin, mayya ta zama mai sa ido kan sha'anin soyayya, ta daina zama mai kashe jarirai da ake faɗa a kotu.

4.0 Daga Kotu zuwa Kanti

Tsakanin kusan 1450 da 1750, an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 a Turai bisa hukuncin maita, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Littafin Malleus Maleficarum na Heinrich Kramer, wanda ya fito wajen 1487, ya ɗora alhakin maita a kan mata, injin ɗab'i kuma ya yaɗa shi. A Salem ta Massachusetts, a 1692, an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5, aka danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi amsa tuhuma, wasu kuma suka mutu a kurkuku.

Kowane abu da ke kan katin yau yana da tushe a wannan tarihi. Hoton mata bisa tsintsiya ya bayyana a gefen wani rubutun hannu na Faransa, na littafin Martin Le Franc, wajen 1451. Tsintsiya da tukunya kayan aikin mace ne na yau da kullum, sai masu zargi suka juya su suka zama hujja, suna cewa abin da take shara da shi da rana shi take hawa da dare, abin da take girki a ciki kuma a nan take dafa guba. Mai zane Hans Baldung ya fitar da hoton mayu kewaye da tukunya mai hayaƙi a 1510, wasan Macbeth na Shakespeare kuma ya kafe tukunyar a zukatan masu jin Ingilishi. Kyanwa ta shigo ne daga shari'o'in Ingila, inda aka yi imani cewa mayya tana da dabbar da ke yi mata aike. A shari'ar Chelmsford ta 1566, wadda aka rataye Agnes Waterhouse a ƙarshenta, kyanwa ce babbar abin da aka tattauna. Malfa mai tsini ta zo daga baya, ta yawaita a zanen katako na ƙananan littattafan Ingila a ƙarni na 18, masana kuma ba su haɗu a kan asalinta ba. Koren fuska shi ne auta, domin fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, wanda Margaret Hamilton ta fito a matsayin mayya a cikinsa, shi ne ya yaɗa shi.

A nan ne jerin shekaru yake da muhimmanci. Janet Horne, wadda aka kashe a Dornoch ta Sikotilan a 1727, ita ake ɗauka mace ta ƙarshe da doka ta kashe kan maita a Birtaniya. Dokar da majalisar Birtaniya ta zartar a 1735 ta soke tsofaffin dokokin, ta mayar da laifin ya zama da'awar iya sihiri, wato damfara. Da wannan doka hukuma ta daina amincewa cewa maita tana aiki. Sai bayan haka mayya ta sauka cikin littattafan yara. Wajen 1890 wani maƙerin azurfa a Salem, Daniel Low, ya fara sayar wa baƙi cokali mai hoton mayya a matsayin tsaraba, kusan shekara 200 bayan ratayar. Katunan Clapsaddle da Schmucker sun biyo bayansa daga baya. Doka ce ta fara janye hannu, tsoro ya bi ta a hankali, kasuwa ta zo daga ƙarshe ta kwashi abin da ya rage na hoto.

Hausawa na cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. A wannan tarihi kotu ce ta ci, kasuwa ta manta, amma zuriyar waɗanda aka kashe ba su manta ba. An buɗe wurin tunawa da su a Salem a 1992. A 2008 yankin Glarus na Suwizalan ya wanke Anna Göldi, wadda aka kashe bisa zargin maita a 1782. A ranar 8 ga Maris 2022 Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotilan a lokacin, ta nemi gafara a madadin hukuma kan dubban mutanen da aka zarga ƙarƙashin dokar maita ta 1563, kuma a wannan shekarar jihar Massachusetts ta wanke Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukunci a 1693.

5.0 Yadda Ake Haɗa Katin

Sana'ar haɗa kati a gida kamar yadda take a yau ta bunƙasa ne daga shekarun 1980, tare da sha'awar adana hotunan iyali a littafi mai ado. Jihar Utah ta zama cibiyarta. A 1988 wasu 'yan'uwa mata biyu, Shelli Gardner da LaVonne Crosby, suka kafa kamfanin Stampin' Up!, wanda yake sayar da hatimai ta hannun dillalai mata da ke tara maƙwabta a gida su koya musu. Na'urar Cricut, mai yanka siffa bisa umarnin kwamfuta, daga Utah ta fito wajen 2006. Intanet ta ƙarasa aikin, domin a YouTube ake koyon salo, a Pinterest ake ganin samfuri, a Etsy kuma ake sayarwa.

Aikin yana farawa da gindin kati. A Amurka ana ɗaukar takarda mai kauri mai faɗin inci 8.5 da tsawon inci 11 a raba ta biyu, kowane rabi a ja masa layi a ninke, sai ya ba da kati mai inci 4.25 da 5.5. A Turai kuwa girman da aka saba shi ne milimita 105 da 148. Ba a yin zane a kan gindin kai tsaye. Ana yanka wata farar takarda da ta ɗan fi shi ƙanƙanta, a yi aikin a kanta, a manna daga baya, domin in hannu ya goce ba a yi asarar katin duka ba.

A ɗauki misalin katin mayya a fuskar wata. Mai aikin takan yanka da'ira daga takarda mai ɗan danƙo ta liƙa a inda take son wata ya fito. Sai ta ɗebi tawada da soso ko burushi mai laushi, ta fara murzawa daga wajen takardar tana shigowa ciki da zagaye, don kada sawun farko ya bar tabo. Kusa da da'irar rawaya ce, sai ruwan lemo, sai shunayya, sai baƙi a can gefe. In ta ɓare da'irar, farin wata ya fito tas a tsakiyar sararin da ya yi duhu. Daga nan sai ta buga hatimin mayya da baƙar tawada yadda rabin jikin zai ratsa watan, domin idon mai kallo yakan fara sauka inda baƙi ya haɗu da fari. Ƙasan katin kuma a jera inuwar itace marar ganye da kabewa biyu ko uku.

Rubutun gaisuwa yakan samu nasa aikin. Ana buga shi da wata tawada marar launi mai jinkirin bushewa, a barbaɗa garin roba mai launin zinariya ko fari, a kaɗe abin da bai kama ba, sannan a hura masa iska mai zafi daga wata 'yar na'ura. Cikin daƙiƙu kaɗan garin yakan narke ya kumbura ya yi sheƙi, har yatsa ya ji tudunsa. Siffofi kamar malfa da jemage ana fitar da su da ƙarfen yanka, wanda ake ɗorawa kan takarda a matse tsakanin faranti biyu a cikin injin da ake juyawa da hannu, irin na Sizzix. Sai a ɗaga su da ɗan soso mai gam don su yi inuwa. Ko a nan gidan waya yana da ta cewa, domin a Amurka wasiƙar da kaurinta ya wuce rubu'in inci ta fita daga farashin wasiƙa, ambulan mai kusurwa huɗu daidai kuma ana ƙara masa kuɗi saboda injin tantancewa ba ya iya sarrafa shi. Wannan ne ya sa gwanaye suke taƙaita tudun ado.

Akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba wadda masu wannan sana'a suke bi, wato a ba da ɗan tsoro amma kada a firgita. Shi ya sa mayyar kati sau da yawa inuwa ce kawai marar fuska, ko kuma a bar ta gaba ɗaya a nuna malfarta da takalmanta da safarta mai zane-zane. Jini da gawa ba su cika hawa katin gaisuwa ba. An cire mutum an bar kayansa, kuma da wannan cirewa aka raba hoton da tarihin matan da aka kashe.

6.0 Ina Darajar Take?

Za a iya cewa kiran wannan kati aikin hannu akwai ƙari a ciki, tunda hatimin daga masana'anta yake, ƙarfen yankan ma haka, kuma dubban mata ne suke buga mayya iri ɗaya a mako ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai ga inda darajar take ba. Tela ba shi ya saƙa yadi ba, amma ba wanda ke musun cewa ɗinkin nasa ne. Rabon mai kati shi ne zaɓi da tsari da lokaci: wane launi, wace kalma, domin wa.

Marcel Mauss, a nazarinsa na 1925 kan kyauta, ya nuna cewa kyauta tana ɗauke da wani abu na mai bayarwa, kuma tana ɗaure mutane da wajibai uku: bayarwa, karɓa da ramawa. Binciken zamani ya ƙarfafa wannan. A 2012 Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely sun gano cewa mutane suna kimanta abin da suka haɗa da hannunsu sama da irinsa da wani ya haɗa. A 2015 Christoph Fuchs da abokan aikinsa sun nuna cewa masu saye suna ganin kayan hannu kamar suna ɗauke da ƙaunar mai yi, kuma sun fi son su idan kyautar ta makusanci ce. A zamanin da saƙon waya ba ya cin minti ɗaya, katin da ya ci sa'a guda yana gaya wa mai karɓa cewa an ware masa wannan sa'a.

Halowin yana da wata fa'ida ga mai sana'ar. Katin Kirsimeti kusan wajibi ne, ana lissafin wanda ya aiko da wanda bai aiko ba. Na Halowin ba wanda yake bin wani bashinsa, don haka duk wanda ya same shi ya san ganin dama ce ta kawo shi. Rashin wajibcin ya kuma ba mai yi damar wasa da launuka masu duhu da siffofin da ba za su shiga katin biki ko na haihuwa ba.

7.0 Inda Zargin Bai Mutu Ba

Wannan hoto ba ya ɗaukar ma'ana ɗaya a ko'ina. A ƙasar Hausa maita ba tatsuniya ba ce a wurin mutane da yawa. An yi imani cewa maye yana kama kurwar mutum, cewa abin ana gadonsa, kuma akan tilasta wanda ake zargi ya tsallaka marar lafiya don ya sake shi. Gidan da aka laƙaba wa wannan suna yakan sha wuya wajen aurar da 'ya'yansa. A arewacin Ghana akwai matsugunai irin na Gambaga da Kukuo da Gnani, inda matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita suke fakewa. A Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta a bainar jama'a a ƙauyen Kafaba. Majalisar Ghana ta zartar da ƙudurin haramta zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta zartar da ƙuduri a Yulin 2021 tana kira da a kawar da cutarwar da ke biyo bayan irin wannan zargi.

Idan aka ajiye shari'o'in Turai kusa da waɗannan, kamannin a fili yake. Wadda ake nunawa da yatsa yawanci tsohuwa ce, gwauruwa ko matalauciya, marar mai tsaya mata, kuma zargin yakan tashi ne bayan rashin lafiya ko mutuwa ko asarar da aka rasa bayaninta. Bambancin shi ne a can an rufe babin har ana iya yin ado da shi, a nan kuwa a buɗe yake. Wanda ya ga katin mayya a intanet ya ɗauka masu yinsa bautar shaiɗan suke yi bai fahimce su ba. Haka kuma wanda ya kwaso hoton ya kawo shi inda ake jifan tsofaffi da wannan suna, yana ganin wasa ne kawai, bai fahimci inda yake ba.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa katin mayya na aikin hannu ya tsaya ne a kan tarihi uku: na bikin kaka da masu ƙaura suka kai Amurka, na gidan waya da ɗab'i da suka mayar da gaisuwa kati, da na shari'ar maita da doka ta rufe a ƙarni na 18. Darajarsa a wurin masu yinsa tana cikin lokaci da kulawar da aka zuba masa, kuma wannan darasi ne da duk mai sana'ar hannu zai amfana da shi, ko da wane hoto yake aiki. Babban darasin kuwa yana cikin jerin shekarun. Turai ba ta daina kashe mata ba don an zana mayya mai murmushi. Sai da alƙalai suka ƙi karɓar zargi a matsayin hujja, majalisu suka soke dokoki, sannan tsoron ya yi sanyi. Wannan aiki yana jiran malamai da sarakuna da alƙalai da 'yan majalisa a duk inda ake korar tsohuwa daga gidanta saboda wani ya yi mafarki da ita. Wajibi ne a hukunta mai zargi ba tare da hujja ba, a kai marar lafiya asibiti, a kuma kare wadda ake zargi.